Bazarar Kuɗin Cizo a Tudun Wada

Shekaru sun ja, abubuwa da yawa sun shige mini duhu, har fuskokin wasu maƙwabtan da muka daɗe tare sai in yi ta lalube ban kamo su ba. Amma akwai wata bazara da na yi a Tudun Wadan Zariya wadda na tabbata har ranar da za a sa ni a makara ba zan manta da ita ba. Idan na ce wa jikokina kuɗin cizo ne sanadin abin, sai su kwashe da dariya, wai ɗan ƙwaron nan ne ya samu wurin zama a zuciyar Hajiya. Nakan bar su su yi dariyarsu, don ba su san abin da ya zo tare da ƙwaron ba.

Lokacin ina amarya, ban cika shekara a ɗaki ba. Daga wani ƙauye na ƙasar Katsina aka kawo ni, ban san kowa a Zariya ba sai mijina, shi kuma direban babbar mota ne. Muna zaune a wani gidan haya mai ɗakuna a jere suna kallon juna, famfo ɗaya a tsakar gida. Yawancin masu hayar ma'aikatan gwamnati ne da iyalansu. Shekarar ce aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan mai yawa, aka haɗa musu da na watannin baya a dunƙule, gari ya rikice da saye-saye. Kullum sai ka ga an shigo da sabon abu gidan nan: yau fanka, gobe rediyo mai kaset, jibi katifar soso a cikin ledarta. Tsofaffin kaya kuwa sai aka riƙa tura su wajen dillalai a kasuwa, kamar ana gudun su.

A cikin irin waɗannan tsofaffin kayan ne maigidana ya sayo mana gadon ƙarfe da katifar auduga. Ba zan manta da yadda fuskarsa ta cika da fara'a ba ranar da aka shigo da su. Shi ba ma'aikacin gwamnati ba ne, ƙarin bai shafe shi ba, amma yana so matarsa ita ma ta tashi daga kan tabarma kamar matan mutane. Ya zauna a bakin gadon yana ɗan tsalle-tsalle a kai kamar ƙaramin yaro, ya ce, "To, kin gani, mu ma mun shiga gari." Ba a jima ba mai motarsa ya tura shi Ikko ɗaukar siminti. An ce jiragen ruwa sun yi cincirindo a bakin teku, motoci na bin layi har ba a san ranar da za a zo kan mutum ba. Ya ajiye mini hatsi da kayan miya, ya yi magana da mai kantin ƙofar gida ya riƙa ba ni abin da na buƙata, ya tafi. Ya bar ni da ƙaramin ciki, wanda ko shi bai gama tabbatarwa ba.

Da farko na ɗauka ƙurajen zafi ne. Nakan tashi da safe in ga hannuwana da wuyana sun yi ruɗu-ruɗu, cizo a jere kamar an ja layi. Na shafa farar ƙasa, na shafa man shanu, abin sai ƙaruwa yake. Wata safiya na ɗaga bakin katifar don in gyara zanen gado, sai na ga ɗigo-ɗigon baƙi a bin ɗinkin, na buɗa ɗinkin da farce, sai ga su nan cunkus, manya da ƙanana, sun sha sun yi jajir. Na murƙushe ɗaya, warin ya doke ni, na fita da gudu na yi amai a bakin rariya.

Ni da wautata ta ƙuruciya, da zuciya ɗaya na nufi famfo inda matan gidan ke wanke-wanke. Na gaishe su, na ce, "Don Allah, yaya kuke yi da gazunzumi a garin nan?" Haka muke kiransa a wajenmu.

Matar wani malamin makaranta, wadda ita ce kamar uwar gayyar matan gidan, ta ɗago kai ta ce, "Gazun me?"

Na maimaita. Suka fashe da dariya har wata na riƙe ciki. Da na kwatanta musu, na nuna musu hannuna, sai dariyar ta tsaya kamar an yi ruwa an ɗauke. Matar malamin ta janye kwanukanta daga kusa da ƙafata, ta ce, "Au, kuɗin cizo kike nufi? Mu dai ba mu san shi a gidan nan ba. Wannan ai abin ƙazanta ne."

Daga ranar zamana ya canza. Ba a yi mako biyu ba aka fara ganin ƙwaron a wasu ɗakunan, har cikin sababbin katifun soson da ake taƙama da su. Ba sai an yi shawara ba, kowa ya san wa zai nuna. Baƙauyar nan ce ta kawo mana. Babu wadda ta zage ni baki da baki, kuma da ma zagin aka yi da ya fi mini sauƙi. Abin da aka yi shi ne, in na fito da yamma lokacin da ake shimfiɗa tabarmi a tsakar gida ana hira, sai a fara naɗe su ɗaya bayan ɗaya, kowa ta tuna tana da aiki a ɗaki. In yaro ya leƙo ɗakina, uwarsa ta ƙwala masa kira. In na shanya wanki a igiya, a matsar da na kusa da shi. Aka yi suna a gidan, aka cika ɗakin mai jego da mata daga unguwannin Gyallesu da Hanwa, ana ta shewa, ni kuwa aka ajiye mini tuwona a bakin ƙofa aka ƙwanƙwasa aka wuce. Yara suka laƙaba mini sunan ƙwaron da karin harshenmu, in na gitta su faɗa ƙasa-ƙasa su watse.

Na sha jin ana cewa kaɗaici, amma sai a lokacin na san ɗanɗanonsa. Gida cike da mutane, rediyoyi na tashi ta kowane ɓangare, ƙamshin soye-soye na shigowa ta taga, amma in wuni in kwana ban buɗe baki na yi wa ɗan Adam magana ba, in ban da sallama da mai kanti. Har na kai ina yi wa ƙadangarun da ke kan katanga hira, in ce musu yau kwana nawa rabona da jin muryar innata. Barci ya ƙaurace mini, na rame, idanuna suka faɗa. Na karɓo maganin feshi na gwangwani a wajen mai kanti, irin wanda sauran matan ke ta fesawa, na fesa har kaina ya riƙa juyawa. Ƙwarin suka lafa kwana kaɗan, suka dawo kamar an aika musu goron gayyata.

Rannan bayan la'asar mai gidan hayar, wani dattijon Alhaji mai sayar da yadi, ya yi sallama ya tsaya nesa da ƙofata. Na durƙusa na gaishe shi. Ba mugun mutum ba ne, har yana kau da kai yana magana.

Ya ce, "Yarinya, ba na son in tozarta ki mijinki ba ya nan. Amma masu haya sun taso ni gaba. In watan nan ya mutu ba a rabu da abin nan ba, zan sa a fitar da katifar a ƙone, a rufe ɗakin, ke kuma in sa a raka ki tasha ki je wajen iyayenki har ya dawo."

Na ce, "To, Baba." Da ya fita na tsaya ina tunanin yadda zan sauka a ƙauyenmu da ciki, ba mijina ya kawo ni ba, ba yaji na yi ba, a'a, koro ni aka yi saboda ƙazanta. Na tuna fuskar mahaifina. Na tuna mijina zai dawo daga wannan wahala ya tarar da ɗakinsa a kulle, abin da ya saya da guminsa ya zama toka. Ɗakin ya yi mini ƙunci, na zagaya bayan ɗakuna inda ba kowa, na jingina da katanga a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, na yi kuka mai isata.

"Ke 'yar nan, in kin gama ki matso in ga hannun."

Na zabura. Na manta ɗungum cewa akwai mutum a wajen. A can ƙuryar gidan akwai wani ɗan ɗaki na ƙasa, ragowar tsohon gini, kuma a cikinsa wata tsohuwa ke zaune, 'yar uwar Alhaji ta nesa da yake riƙo saboda Allah. Ta taɓa yin ciwon kuturta tun tana da ƙuruciya, ta warke, amma ciwon ya tafi da yatsunta, ya bar mata dungu. Tun zuwana aka ce mini ba a zuwa wajen. Tana da kwanonta da modarta daban, kuma ba ta zuwa famfo sai kowa ya gama. Inna kawai ake ce mata in an zo maganarta, shi ma ba kasafai ba.

Na matsa, amma na tsaya daga nesa na miƙa hannu. Ta ƙura masa ido, ta gyaɗa kai, sannan ta ture mayafinta da dungun hannunta ta nuna mini kafaɗarta da wuyanta. Irin cizon ne sak, sabo a kan tsoho, wasu sun zama tabo.

Ta ce, "Kin ga nawa. Kuɗin cizo a gidan nan ya girmi aurenki, 'yar nan. Yana cikin bangon nan tun kafin a yi ɗakunan simintin. Ta cikin tsaga yake bi, ta kan rufi yake bi. Watakila katifarki ta zo da nata, watakila a nan ta same shi, Allah kaɗai ya sani. Ba a tambaye ni ba ne, don ba a shigowa nan."

Na sake duban tabon da ke wuyanta. Ashe ga abin da zai wanke ni. Ita ma ta ga abin da ya gitta a fuskata, domin ta yi ɗan murmushi ta ce, "Je ki faɗa musu daga ɗakin kuturwa yake. Wallahi ba zan riƙe ki ba. Za su yarda nan take. Ni me ya rage a guje mini a kai?"

Na san abin da zai biyo baya in na faɗa. Ni in an kore ni ina da gidan uba. Ita in masu haya suka taso Alhaji a kanta, ina za ta nufa? Na ce, "A'a Inna, ba zan faɗa ba."

Ta daɗe tana kallona. Can ta ce, "To shi ke nan. Ni na san maganinsa amma ba ni da yatsu. Ke kina da yatsu. Gobe da hantsi ki fito da gadon nan tsakar rana."

Haka muka fara. Washegari na kwance gadon na jawo shi gunduwa-gunduwa zuwa bayan ɗakuna, ita tana zaune a inuwa a kan ɗan turmi tana ba ni umarni kamar mai gidan gini. Na ɗora babbar tukunya a murhu, ruwa ya tafasa yana ɓal-ɓal, ta sa na bi kowace gaɓa ta ƙarfen ina kwarara masa. Sai ga su suna fitowa daga inda ban taɓa zaton akwai rami ba, suna bin ruwan suna mutuwa. Katifar kuwa ta ce in farke ta gaba ɗaya. Na yi jim, don ina jin kamar zan yanka wani abu mai rai. Ta ce, "Farke, ai da allura aka haɗa ta, da allura za a mayar." Na zazzage audugar a kan wani tsohon kwanon rufi da rana ta gasa har ba a iya taɓa shi, na baza ta ina juyawa da sanda, rigar katifar kuma na dafa ta a tukunya kamar mai dafa rini.

Ranar da ta biyo baya muka koma kan ɗakin. Ta sa na samo gashin kaza, ina tsoma shi a kananzir ina bin tsagar bango da jikin ƙyaure da bayan ƙusoshin da muke rataye kaya. Ta yi ta jaddada mini kada in kuskura in kunna ko ashana a ɗakin sai ya sha iska. Bayan nan na kwaɓa toka da yumɓu na liƙe duk wata tsaga. Ƙafafun gadon ta ce in tsoma kowace a gwangwanin madara da aka cika da toka, in janye gadon daga jikin bango, kada zanen gado ya taɓa ƙasa. Ganyen darbejiya, wanda mu bedi muke ce masa, na tsinko da yawa na shimfiɗa a ƙarƙashin tabarma da cikin akwatin kayana. Ta ce kada in yi murna da wuri, ƙwai ne matsalar, duk mako sai an sake har sai ƙwan ƙarshe ya fashe bai sami abin ci ba.

Na tambaye ta a ina ta koyi wannan duka. Ta ce a wani sansanin kutare da ta yi shekaru tana jinya. Ta ce, "Can ba wasa ake yi da ƙwaro ba. Mu da ba ma jin zafi a hannu da ƙafa, ɓera zai zo ya ci maka ɗan yatsa, sai da safe ka ga jini a tabarma. Wannan na ƙafar hagun, ba ciwo ne ya cire mini shi ba." Ta faɗa kamar mai ba da labarin kasuwa. Daga nan hira ta ɓarke. Ta koya mini a gauraya garin masara da ɗan siminti a ajiye wa ɓera inda yaro da kaza ba sa kaiwa, a zagaye tulun ruwa da toka saboda kiyashi, a zuba busasshen barkono cikin wake kada ya yi ƙwari, a jefa ɓawon lemo ko ɗaɗɗoya a garwashi da magariba saboda sauro. Ni dai ba maganin kawai nake sha ba. Muryar mutum nake sha, kamar wanda ya daɗe da ƙishi ya sami randa.

Da ɗakina ya kammala, na ce mata gobe sai nata. Ta girgiza kai ta ce, "A'a, ke mai ciki ce." Ban taɓa gaya mata ba, ta gane da kanta. Ta ce, "Likitoci sun sallame ni tun ba a haife ki ba, sun ce ba na sa wa kowa. Amma mutane ba su sallame ni ba. In kin shiga ɗakin nan, abin da ake yi miki yanzu wasa ne."

Gaskiya na ji tsoro. Na kwana ina tunanin abin da ke cikina, ina tuna duk abin da na taɓa ji ana faɗa a kan wannan ciwo. Amma na kasa gane yadda zan kwanta a gado mai tsabta alhali tsohuwar da ta yi sanadinsa ana cinta a bayan katanga. Da hantsi na ɗaura ɗankwali a hanci, na yi bismilla, na sa kai.

Abin da na gani a ɗakin nan har yau yana idona. Ba ƙazanta ba ce, domin ta share iya inda dungunta ke iya riƙe tsintsiya, 'yan kayanta a kintse. Amma bangon da ke jikin shimfiɗarta ya yi jirwaye da jini, inda take goga kafaɗa tana murƙushe su shekara da shekaru. Gadon karan da take kwana a kai na ɗaga shi sai ya zama kamar yana motsi. Shi kam ƙone shi muka yi. Na fitar da komai rana, na yi ruwan zafi, na liƙe tsaga. Da yake ɗakin ƙasa ne mai ramuka da yawa, ta ce sai an yi masa hayaƙi. Na zuba garwashi a kasko, na ɗora busasshen ganyen darbejiya da barkono, na ja ƙyaure na toshe ƙasansa da tsumma, ta kore ni can nesa. Abin da ba mu lissafa ba shi ne iska. Ta juyo ta kwashi hayaƙin ta watsa shi tsakar gida. Nan da nan gidan ya kaure da tari da atishawa, matar malamin ta fito da hawaye shaɓe-shaɓe tana cewa, "Wace ce za ta kashe mu a gidan nan?" Ni da Inna muka ɓuya bayan bishiya muna dariya har da riƙe juna. Sai daga baya na lura hannunta ne a cikin nawa, kuma ban ji komai ba sai ɗumin mutum.

Ranar na dafa dambu na kawo a kwano ɗaya. Ta miƙo nata kwanon in zuba mata, na ce ai na gaji da wanke-wanke, mu ci a nan. Ta dubi kwanon, ta dube ni, ta matso. Da cokalin da take ɗaurewa a dungunta da tsumma ta ci, tana ci a hankali, tana kallon gefe guda.

Kamar yadda ta faɗa, abin ya ƙaru. Yanzu ba tabarma kaɗai ake naɗewa ba, in na taɓa kan famfo sai an wanke shi da sabulu. Amma abin mamaki, bai ƙara yi mini ciwo kamar da ba. Ina da inda zan je in gari ya waye. Kuma na fara barci. Muka maimaita aikin mako bayan mako har ƙurajen jikina suka baje, na mayar da audugar na ɗinke katifata, ta fi da laushi. Da wata ya mutu Alhaji ya zo, ya sa aka ɗaga masa katifar ya duba ɗinki, ya duba bango, ya ce, "To, madalla," ya juya. Har ya kai zaure ya dawo ya zagaya bayan ɗakuna ya gaishe da Inna, ya daɗe tsaye a ƙofarta yana kallon bangon da na shafe.

Sauran ɗakunan kuwa ana ta feshi, ƙwaro na ta dawowa. Wata rana da tsakar rana, gida ya yi tsit, matar wani ma'aikacin asibiti ta leƙo ɗakina, goye da jaririyarta da duk jikinta ya yi ja da cizo. Ta yi ta kame-kame, can ta ce, "Don Allah me kika sa?" Na ce ni ba ni da sani, mai sanin na can ƙuryar gida. Ta yi tsaye kamar za ta fasa, sannan ta bi ni. Daga nesa ta tsaya ta gaida Inna, Inna ta amsa kamar kullum suna gaisawa, ta zayyana mata komai. Ba zan ce gidan ya sauya gaba ɗaya ba, ƙarya ne. Matar malamin har muka rabu ba ta taɓa taka wajen Inna ba, ko da yake na ga gwangwanayen madara a ƙarƙashin gadonta. Amma mutum biyu ko uku sun fara aika wa Inna abinci da ɗumi, ba ragowa ba.

Mijina ya dawo dab da faɗuwar damina, baƙi wuluk, ya rame. Tun a zaure aka tare shi da labarin matarsa na cin abinci da kuturwa. Ya shigo ransa a ɓace. Na bari ya ci ya huta, na ba shi labarin tun daga farko. Da na gama, ya tashi ya ɗauki burodin da ya zo da shi da turmin atamfa ɗaya cikin biyun da ya sayo mini, ya zagaya baya. Ina jiyo shi yana cewa, "Inna, Allah ya saka da alheri, kin riƙe mini amana." Ita kuma tana cewa, "Kai dai ka rage daɗewa a hanya, yarinya ce."

Da cikina ya tsufa aka zo aka tafi da ni gida haihuwa, kamar yadda ake yi wa 'yar fari. Na je yi mata sallama, ta ce in je lafiya in sauka lafiya, ta juya tana gyara wutar murhu, ba ta yarda mun haɗa ido ba. Na haifi ɗa namiji, na yi wanka na gama, aka riƙe ni har ya fara zama. Ranar da na dawo Tudun Wada, ko mayafi ban cire ba na zagaya baya da yarona a kafaɗa ina ƙwala sallama. Na tarar da ƙofar a garƙame da kwaɗo. Na leƙa ta tsagar ƙyaure, buhunan siminti ne jibge har rufi.

Matar ma'aikacin asibitin ce ta biyo ni ta riƙe mini yaron. Ta ce Inna ta rasu tun cikin sanyi, bayan 'yar gajeriyar jinya, mijina yana hanya, shi ma sai daga baya ya ji, ya kasa aiko mini ina cikin jego. Ta ce ita ce ta zauna da ita a kwanakin ƙarshe, kuma ita ta yi mata wanka tare da wata tsohuwa daga cikin gari. Ta ce labarin haihuwata ya iske ta da ranta, ta yi ta sa albarka, kuma ta bar mini saƙo. Na ce mene ne? Ta ce, "Cewa ta yi in gaya miki ki riƙa fitar da shimfiɗar yaron rana kullum, fatar jariri ba ta da ƙwari."

Na zauna a dandariyar ƙasa a ƙofar ɗakin. Sai a lokacin na tuna ban taɓa tambayar sunanta na yanka ba, ban san garin da aka haife ta ba, ban san ko ta taɓa haihuwa ba. Addu'ar da nake yi mata har yau, da Inna kawai nake kiranta, na san Wanda nake roƙo ya san wadda nake nufi.

Abin da wannan al'amari ya koya mini shi ne, idan wata matsala ta shigo gida, mutane sun fi saurin neman wanda za su ɗora wa laifi a kan neman magani, kuma kusan kullum a kan marar gata suke saukewa. Na kuma gane cewa gudun mutum ya fi yawancin cututtukan da ake gudunsa dominsu ciwo. Shi ya sa duk gidan da na zauna bayan nan, da duk unguwar da muka koma, abin da nake fara dubawa shi ne ƙofar da ba a tsayawa a yi sallama. Nan nake fara kai gaisuwata, kuma ba na jira sai ranar da na rasa kowa.